Carbi a hannu, zuciya a kasuwa

A Maraɗi mai carbi ba ya wuyar gani. Ɗan kasuwa yana ja a bakin shagonsa, direban motar Ɗan Isa yana ja, ga kuma ƴar na'urar nan ta zamani da ake saƙalawa a yatsa, ana latsawa ana tayin kaya. Wanda ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai sami wuri guda ya zauna, ya kashe waya, ya ba ambaton Allah minti goma ba tare da ya haɗa shi da komai ba. Wannan zaman kuwa shi ne abin da nake ganin mun fi buƙata yanzu.

Kowa ya san abin da garin nan ya sha. Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agustan 2019, takunkumin CEDEAO ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, alhali cinikinmu ya dogara ne da hanyar Katsina da Kano. Ga ƴan bindiga sun hana mutanen Madarunfa da Gidan Runji sakat. Magidanci ya kwanta, lissafin bashi da kuɗin hatsi su hana shi runtsawa. Wasu matasanmu sun koma neman sauƙi a tramol, abin da ke ci mini rai ƙwarai.

Alhali maganin wani sashe na wannan damuwa yana cikin gidajenmu. Ɗan Tijjaniyya yana da lazimi safe da yamma: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Wanda ba ya ɗariƙa yana da azkar na safiya da maraice, da tasbihi 33, tahmidi 33, takbiri 33 bayan kowace salla. Mun daɗe muna jayayya kan wane wuridi ne ya inganta, har muka manta cewa a kan asalin zikiri babu saɓani tsakanin ɗan Izala da ɗan ɗariƙa. Hadisin da ya fi taɓa ni a nan shi ne na Nana Faɗima, Allah ya ƙara mata yarda. Niƙa ya ci mata hannu, ta nemi mahaifinta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba ta mai taya ta aiki. Sai ya koya mata da mijinta tasbihi 33, tahmidi 33, takbiri 34 lokacin kwanciya, ya nuna musu wannan ya fi musu alheri. Kukan gajiya ta kai, aka ba ta zikiri. Matan Tibiri da ke wuni tsakanin turmi da rijiya sun san irin wannan gajiyar.

Likitocin Turai da Amurka sun iso wurin ta tasu hanyar. Herbert Benson, likitan zuciya a Jami'ar Harvard, ya fitar da littafi a 1975 inda ya bayyana cewa maimaita kalma ɗaya ko addu'a cikin natsuwa yana rage saurin bugun zuciya da numfashi. A 2001 Luciano Bernardi da abokan aikinsa a Italiya suka auna masu jan carbin Kiristoci da masu maimaita kalmomin yoga, suka tarar numfashinsu ya sauko zuwa kusan sau 6 a minti, abin da ke taimaka wa jiki daidaita bugun zuciya da gudun jini. A can har kuɗi masu yawa ake biya don a koyi irin wannan zama. Ba ina cewa a yi zikiri don lafiyar jiki ba, don Allah ake yin sa. Sai dai abin da suka auna yana da sharaɗi, wato a zauna, a yi a hankali. Wanda ya zuba hailala 100 cikin minti ɗaya yana hararar mai saye, ladansa yana wurin Ubangiji, amma natsuwar ba ta same shi ba.

Koyon abin ba wuya. Zaɓi lokaci guda ka riƙe, bayan asuba ko kafin barci. Ka nemi malami ya fassara maka abin da kake faɗa, domin harshe ba ya jan zuciya zuwa abin da ba ta fahimta ba. Ka furta kowace kalma har ƙarshenta, ka bar numfashi ya bi ta. Tunanin kasuwa zai zo, dole ne. Idan ya zo kada ka tsaya faɗa da shi, ka koma kan kalmar. Manomin Jiratawa da ke jiran ruwa ya kai fangalinsa yana da wannan lokaci, ɗan kabu-kabu ma yana da shi tsakanin magariba da isha.

Duk da haka, mai hawan jini ya ci gaba da shan maganinsa, wanda damuwa ta hana ci da barci makonni ya je likita. Ku kuma malamanmu, na ɗariƙa da na Izala, mun sha jin falalar zikiri a wa'azi. Don Allah ku ware zama a masallatai da makarantun Islamiyya na mata, ku koya wa jama'a yadda ake yin sa cikin natsuwa, ku fara da matasan da ke kwana a fada.