Takalma a bakin ƙofa ɗaya

Cikin hunturun da ya wuce na yi kwana biyu a Dakoro wajen 'yan'uwa. Wata asuba na fito da tocila zan tafi masallaci, sai hasken ya faɗa kan tarin takalma a bakin wani zaure. Silifa ne na roba, ƙanana ƙanana, wasu an ɗinke su da waya, wasu wari da wari ba su dace ba. Na tsaya na ƙirga, na sami na mutum talatin da ɗaya. Na auna zauren da ƙafa daga waje, taki biyar a tsawo, huɗu a faɗi. Ƙofarsa ɗaya ce, ƙyauren kwano, an saƙala masa ƙarfe ta waje. Tagar da ke sama an cusa mata buhu saboda iska. Jikin bango, dab da ƙofar, ga tulin kara an jingine na wutar karatun dare, tokar daren jiya kuma ba ta gama hucewa ba.

Bayan salla na koma na gaida malamin. Dattijo ne mai sakin fuska, ya shimfiɗa mini buzu. Na ce, "Allah gafarta Malam, yara nawa ke kwana a ɗakin nan?" Ya ce, "Iyakar waɗanda Allah ya kawo, ɗana. Uba ya taso tun daga daji, ya riƙo hannun yaronsa ya ce ga amana, sai in ce masa ɗaki ya cika?" Na tambaye shi dalilin ƙarfen ƙofar, ya ce don kada ƙanana su fita yawon dare, kada kuma wani ya shigo musu. Na tambaye shi inda suke zagayawa, ya ɗaga hannu ya nuna bayan gari.

Ban taso ina jin haushinsa ba. Mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana riƙon 'ya'yan wasu, ba albashi, ba ko sisin hukuma. Abin da ya tsaya mini a rai wata magana ce da ya yi ba tare da ya ɗauke ta a bakin komai ba. Ya ce ma'aikata na zuwa, an zo rigakafi, an zo ƙidaya, amma duk da rana ake zuwa, a tarar da yaran a inuwa da allunansu. Tun da ya kafa makarantar babu wanda ya taɓa cewa a nuna masa makwancinsu.

A ƙasar Dakoro yaran da ke kwana nesa da iyayensu ba almajirai kaɗai ba ne. Akwai 'yan lakkol da suka ci jarrabawa a ƙauyukan Kornaka ko Birnin Lalle aka turo su koleji cikin gari, kowa ya nemi mai masauki. Wani ya dace da gidan da za a riƙe shi kamar ɗa, wani a ba shi ɗakin ajiyar kaya shi da 'yan garinsu. Akwai 'ya'yan makiyaya, Fulani da Abzinawa, a makarantu masu ciyar da yara can arewa da kwarin Tarka har wajen Bermo, waɗanda iyayensu ke bin dabbobi su bar su hannun malaman lakkol na watanni. Akwai marayu a hannun ƙungiyoyi da masu neman lada. Ga kuma gidajen kwanan 'yan mata ɗalibai da aka fara ginawa zamanin Bazoum, irin na Kelle a jihar Damagaram. Sunayen wuraren sun bambanta, ma'aikatun da ke kula da su ma sun bambanta, amma da dare ya yi duk abu ɗaya ne: yara da yawa cikin ɗaki, babu uwa kusa.

Mu mutanen jihar Maraɗi ba labarin gobara za a ba mu ba. Ranar Litinin 8 ga Nuwamba 2021 wuta ta kama ajujuwan zana a makarantar AFN cikin birnin Maraɗi, ta kashe yara aƙalla 25, yawancinsu 'yan shekara biyar zuwa shida. Wata bakwai kafin nan, a Afrilu, yara 20 sun ƙone a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Bayan gobarar Maraɗin aka yi makoki na kwana uku, majalisar ministoci ta hana sanya ƙananan yara 'yan rainon makaranta cikin ajujuwan zana, aka kuma bayyana cewa irin waɗannan ajujuwa sun kai wajen 36,000 a faɗin ƙasa. To, ku lura da wani abu. Gobarar Maraɗi da rana tsaka ta tashi, malamai idonsu biyu, yaran ma idonsu biyu, cikin birnin da ke da 'yan kwana-kwana. Duk da haka ba a fid da su ba. Ina ga ɗakin da aka saƙale ta waje, ƙarfe biyun dare, yara sun yi nisa da barci, kowa ya lulluɓe kansa da zane?

Amsar ta zo daga Ƙauran Namoda, can Zamfara, a farkon Fabrairun 2025. Wuta ta tashi cikin dare a wata makarantar allo, almajirai 17 suka rasu, kuma tulin kara da aka ajiye a wurin ne ya ciyar da ita. Kara irin wanda na gani jingine a Dakoro. A Dakar, cikin Maris 2013, yara tara sun mutu haka a unguwar Medina. A Guyana, can Amurka ta Kudu, yara 20 sun mutu a garin Mahdia cikin Mayun 2023, kusan dukansu 'yan mata daga ƙauyuka masu nisa da aka kawo karatu. An kulle ƙofofin ɗakin don a tsare su, tagogin kuma duk ƙarafa. Niyyar mai kullewa tsaro ce, kamar niyyar dattijon da na zauna a buzunsa.

Wuta ce ke shiga rediyo, amma cunkoso na da nasa kisan da ba ya ƙara. Sanƙarau yana zuwa ne lokacin iska da ƙura, daga hunturu zuwa bazara, yana bin numfashi, kuma babu inda ya fi jin daɗi kamar ɗakin da aka toshe taga mutum talatin na shaƙar iskar juna. A 2015 ya kama mutum fiye da 8,000 a Nijar, ya kashe fiye da 500. Ƙyanda da mashaƙo hanyarsu ɗaya da shi. Ƙazuwa da makero kuwa har mun daina ganinsu cuta ne a jikin almajiri, mun mai da su kamar tambari, alhali tabarma ɗaya da rashin ruwan wanka ke kawo su. Amai da gudawar da suka ɓarke a Madarumfa a 2018 suka kama mutum fiye da 3,000 sun nuna mana abin da bayan gari ke komawa da zarar ruwan sama ya wanko shi cikin gari.

Damina ma ba ta bar su ba. A 2024 jihar Maraɗi na cikin inda ambaliya ta fi yi wa ɓarna, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba, tsohon masallacin Damagaram da ya daɗe a tsaye ya zube. Ɗakin da ake ba baƙon yaro galibi shi ne mafi tsufa a gidan, wanda azararsa ta sha gara, wanda maigida ba zai sa iyalinsa ciki ba.

Ma'auni akwai shi, kuma ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba. Ƙungiyoyin agaji na duniya, a ƙa'idojin da ake kira Sphere, sun ce ko a sansanin gudun hijira kowane mutum na buƙatar fili mai rufi na murabba'in mita uku da rabi, ruwa lita 15 a yini, da masai ɗaya ga mutum 20, a kuma nisanta ramin da rijiya mita 30. Murabba'in mita uku da rabi ya yi kusan shimfiɗar tabarma biyu. Da wannan lissafi zauren da na auna na mutum biyar ne ko shida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a makarantar kwana kowane yaro ya sami lita 20, wato ƙasa kaɗan da jarka ɗaya. Kenya, bayan gobarar makarantar Kyanguli da ta ci ɗalibai 67 a 2001, ta rubuta nata: ƙofa a kowane ƙarshen ɗakin kwana, ta buɗe ta waje, kada a kulle ta daga waje yara na ciki, kada a sa wa taga ƙarafa. Sai dai Kenyar nan ta sake binne yara 21 a gundumar Nyeri cikin Satumban 2024, domin takarda ba ta zuwa duba ɗaki da ƙafarta.

Wanda zai ce wannan tsarin Turawa ne, ya koma ga malaminsa. Buhari da Muslim sun kawo labarin gidan da ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni da a kashe wuta idan za a kwanta. Abu Dawuda ya kawo umurnin raba wa yara makwanci idan sun kai shekara goma. Malaman allo sun fi ni sanin waɗannan nesa ba kusa ba. Abin da suka rasa shi ne ɗakin da za a raba makwancin a ciki.

Na san abin da za a ce mini, domin an faɗa mini a gaban idona: talauci. Gaskiya ne. Ƙasar da ake jan ruwa da raƙumi ko sa daga rijiya mai zurfin gaske, lita 20 ga kowane yaro ba maganar fatar baki ba ce. Ban kuma yarda da masu cewa a rufe kawai ba. Mun ga yadda aka yi a Najeriya, aka fasa gidan Rigasa a Kaduna cikin Satumban 2019 aka fito da mutum wajen 300, wasu da mari a ƙafa. Irin wannan gida rufewa ce maganinsa, da gurfanar da mai shi. Amma zauren malamin ƙauye ba gidan mari ba ne, kuma idan aka rufe shi yaran ba gida za su koma ba, tasha za su koma da rumfunan kasuwa. Haka gidajen kwanan ɗalibai, idan babu su yarinyar makiyayi ta gama karatu ke nan.

Sai dai a zauna a rarrabe abin da talauci ya hana da abin da sakaci ya hana. Cire ƙarfe daga bayan ƙofa, a sa gardi ya kwana a bakinta ta ciki, ba ya cin ko dala. Janye tulin kara taki ashirin daga bango ba ya cin komai. Kashe garwashi kafin barci, da ajiye jarka biyu da bokitin yashi kusa, duk aikin yini ɗaya ne. Fasa ƙofa ta biyu a bangon laka aikin magini ne na safiya. Masai ne da ƙarin ɗaki ke son kuɗi, kuma nan ne nake kallon masu hali. Dakoro garin fataken dabbobi ne, akwai alhazai masu hannu da shuni, kuma ba su da rowa. Ana gina masallatai, ana yanka raguna, ana kai wa malamai buhunan hatsi da azumi. Ban taɓa jin wanda ya tashi a taro ya ce shi zai haƙa wa makarantar allo masai ba, watakila don ba abin da za a rubuta suna a jikinsa ba ne. Ina roƙon limamanmu su faɗa a kan mumbari cewa ramin da zai hana yaro talatin tsugunawa a bayan gari sadaka ce mai gudana.

Hukuma kuwa ba na neman ta fara da sabuwar doka daga Yamai. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin riƙon yaran da ba sa hannun iyayensu tun 2009, kuma cikin abubuwan da suka tanada akwai a san wuraren, a rubuta su, a riƙa dubawa. Wannan prefe da hukumar gari da sarakuna za su iya. Kowane mai unguwa ya san zaurukan da yara ke kwana a unguwarsa, da gidajen da ke sauke 'yan koleji. A haɗa shi da ma'aikacin tsafta, da wakilin malamai, da mace ɗaya saboda ɗakunan 'yan mata, su zaga bayan lisha, sau biyu a shekara, kafin hunturu da kafin damina. Su ƙirga kawuna da tabarmi, su taɓa ƙyaure su ga ta ina yake buɗewa, su ɗaga kai su dubi azara, su ce a nuna musu tulu da masai. Kada su zo da takardar tara a zuwan farko. Malami ya ji an zo taimakonsa ne, zai buɗe ƙofa. Ya ji an zo kama shi, zai kwashe yaran ya kai su wani lungu da ya fi wannan muni. Wanda aka ba ƙyaure da siminti ya ƙi gyarawa, shi ne za a yi magana da shi da wata murya.

Iyaye ma akwai tambayar da ke kansu. Uba zai kai akuya kiwo ya tsaya ya duba garken, amma ya kai ɗansa ya miƙa a ƙofar gida, ya karɓi addu'a ya juya. Ba rashin kunya ba ne ka ce, "Malam, a nuna mini inda zai kwanta." Idan ɗaki ya cika, malam ya sami ƙarfin cewa ya cika, uba kuma ya ji ba wulaƙanta shi aka yi ba.

Kafin in bar Dakoro na sake komawa wurin dattijon. An janye karan zuwa gindin wata bedi, ya kuma ce babban gardinsa ne ke kwana a bakin ƙofa yanzu. Maganar ƙofa ta biyu, ya ce in dai an samu ƙyaure, almajiransa za su fasa bangon gabas da hannunsu. Ni da ɗan'uwana mun ɗauki ƙyauren. Masai kuwa har yau ba a samu wanda ya ɗauka ba, kuma ya ce mini bayan girbi ana kawo masa wasu yara daga wajen Sabon Mashi.