Uwa Ma Tana Gadar da Ƙasa

Wata shekara na je Boɗinga duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa, sai na tarar da wani malami yana gardama kan wani yaro. Wai ba ɗan Nijeriya ba ne, tunda mahaifinsa mutumin Ƙonni ne, ko da yake uwarsa haifaffiyar Shagari ce. Malamin ya yi kuskure, kuma kuskure ne da ya zama ruwan dare, domin mun saba jingina ɗa ga ubansa a wajen suna da nasaba, sai muka ɗauka haka doka take.

Sashe na 25 na Tsarin Mulkin 1999 ya fayyace cewa wanda aka haifa a Nijeriya bayan samun 'yancin kai ɗan ƙasa ne, muddin ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Kaka ɗaya tak ta wadatar. Ko a waje aka haife shi, uwa kaɗai ta isa. Abin lura kuma, haihuwa a Nijeriya ita kaɗai ba ta mayar da mutum ɗan ƙasa.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. A Janairun 1980, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta tasa ƙeyar Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Borno, zuwa Cadi, bisa da'awar ubansa baƙo ne. Babbar Kotun Maiduguri ta soke korar, domin mahaifiyarsa 'yar Nijeriya ce. In har an yi wa ɗan majalisa haka, ina ga ɗan talaka da ba shi da lauya?

Inda nake da ja da dokar shi ne Sashe na 26. Baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya tana iya yin rajista ta zama 'yar ƙasa, amma baƙon da ya auri 'yar Nijeriya ba shi da wannan dama. Sai dai ya bi Sashe na 27, wato zaman shekara 15. Ke nan yaron nan na Boɗinga ɗan ƙasa ne, uwarsa 'yar ƙasa, ubansa kuwa baƙo a gidansa. Ban ga hujjar wannan bambanci ba. Nijar ta gyara nata tun 2014, mu kuwa Majalisar Tarayya ta kayar da ƙudurin gyaran a Maris na 2022.