Mu Daina Jiran Sai Taimin Bel Ya Tsinke

Yau da masu motocin cikinmu za mu yi magana, musamman direbobin da ke jigila tsakanin Beji da Minna, da masu wucewa Zungeru da Tegina. Kanikawanmu ma su matso kusa.

Duk ranar kasuwar Beji sai ka ga mota a gefen titi, an ɗaga bonet, fasinja da buhunansu suna tsaye cikin rana. Ka tambayi direba, ya ce ƙaddara ce. Sau da yawa taimin bel ne ya tsinke, kuma ya daɗe da cika wa'adinsa. Wannan sakaci ne, mu daina sauya masa suna.

Aikin bel ɗin nan shi ne haɗa karanshaf da kamshaf domin bawul su buɗe su rufe daidai da hawa da saukar fistin. A wasu motoci, kamar Peugeot 406 da Honda Accord ta 1998 zuwa 2002, idan ya tsinke mota na gudu, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su. Daga nan sai sauke top silinda, wani lokaci sai sabon inji. Camry mai injin 2.2 ta 1997 zuwa 2001 mutuwa kawai take yi, amma mutuwar mota da dare a hanyar Tegina, a halin tsaron da muke ciki, ba ƙaramin abu ba ne. Ita kuwa Corolla daga 2003 sarƙa take da ita, don haka kowa ya fara sanin abin da ke cikin injinsa.

Yawancin kamfanonin mota sun ce a canza bel tsakanin mil 60,000 zuwa 100,000, ko bayan wasu shekaru ko da ba a kai hakan ba, domin roba tana tsufa. Mu kuma motocin Beljiyam muke saya, ba mu san ranar da aka sa bel ɗin ba, kuma an san ana mayar da mitar kilomita baya kafin a sayar. To me muke jira? Ranar da ka sayi mota, ranar ya kamata ka canza.

Mun san amsar da za a ba mu: babu kuɗi. Gaskiya ne, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 naira ta faɗi, kayan mota suka yi tashin gwauron zabi. Sai dai wannan hujjar kanmu take dawowa. Wanda kuɗin bel ya gagara, da me zai sayi inji? Kwana nawa motar za ta yi a gareji, iyali na jiran cefane?

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne sayen bel ɗin Beljiyam, wato wanda aka cire daga injin da ya gama aiki a Turai. Ƙarfe yana iya yin rayuwa ta biyu, tsohuwar roba ba ta yi. Araha ba ta ado.

Ku kuma kanikawa, ku ji tsoron Allah. Kun san idan tenshina ta ci, ko famfon ruwa ya fara yoyo a injin da bel ɗin ke juya shi, ko oyil sil na zubar da mai a kansa, sabon bel ba zai daɗe ba. Ku faɗa wa mai mota gaskiya a canza su tare, tunda an riga an buɗe wurin. Yin shiru don ya dawo ya sake biyan kuɗin aiki cin amana ne.

Muna kira ga shugabannin NURTW na tasha da na ƙungiyar kanikawa ta NATA su sa baki. A rubuta kwanan wata da kilomita a jikin murfin bel duk lokacin da aka canza, a kuma nuna wa mai mota tsofaffin kayan da aka cire. Rayukan iyayenmu da 'ya'yanmu ne a cikin motocin nan. Allah ya kiyaye hanya, mu ma mu kiyaye namu.