Agogon Dala Miliyan Shida Da Rabi: Inji Aka Saya Ko Fenti?

A watan Disamba na 2021, kamfanin gwanjo na Phillips ya buga guduma a kan wani agogon hannu a birnin Niyok na ƙasar Amurka, a kan kuɗi Dala miliyan shida da rabi. Mai karatu zai zaci ko na zinare ne da aka jera wa lu'ulu'u. Ina! Farin ƙarfe ne zalla, samfurin Nautilus 5711 na kamfanin Patek Philippe da ke Janeba a ƙasar Suwizalan. Abin da ya bambanta shi da 'yan'uwansa bai wuce fuskarsa da aka shafe da launin nan mai ruwan shuɗi-shuɗi na kantin Tiffany ba, sai sunan kantin a fuskar, da ɗan rubutu a bayansa. Guda 170 kacal aka ƙera, don tunawa da cikar shekara 170 da fara hulɗa tsakanin kamfanonin biyu. Farashinsa a kanti a lokacin Dala 52,635 ne. Don kada a ce na yi son kai, bari in faɗa cewa kuɗin wancan gwanjon wata ƙungiyar kare muhalli aka bai wa, kuma an san masu hali kan saki hannu idan abin taimako ne. To amma sauran da suka riƙa ɓullowa kasuwa daga baya ma da miliyoyi aka yi ta cinikinsu, kuma babu batun taimako a ciki.

Injin da ke cikin agogon nan kuwa, shi ne dai wanda ke cikin 5711 na yau da kullum da aka riƙa sayarwa Dala dubu talatin da 'yan kai a lokacin. A nan ne gardamar masu tara agogo take, kuma gardama ce da ta daɗe. Wasu na cewa darajar agogo tana cikin cikinsa, wato injin, don haka duk wanda ya biya ninki ɗari saboda launin fuska to fenti ya saya. Wasu kuma na cewa ai ba don duba lokaci ake sayen irin wannan ba, ƙarancin abu shi ne darajarsa, kuma kasuwa ba ta ƙarya.

Bari in fara sallamar masu magana ta biyu da abin da suka yi gaskiya a kai. Lallai ba lokaci ake saya ba. Tun da Seiko ta fito da agogon hannu mai batir a ƙarshen 1969 zancen daidaiton lokaci ya bar hannun agogon wani. Hukumar da ke gwajin agogo a Suwizalan takan ba inji takardar yabo matuƙar bai yi lattin da ya wuce daƙiƙa huɗu ko gaggawar da ta wuce daƙiƙa shida a kowace rana ba. Baƙin Casio ɗin nan na roba da yara ke ɗaurawa, kuskurensa ba ya wuce daƙiƙa talatin a wata guda cur. Saboda haka duk wanda ya zuba dukiya a agogon wani ya san abin da ya saya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Inda na rabu da su shi ne inda suke cewa tunda haka ne, to ko me aka cusa a ciki ba kome. Akwai kome mana. Ku dubi abin da ya faru da Panerai. Wannan kamfani ya fitar da wani agogo mai lamba PAM 318, guda 150, domin kantinsa na Niyok, aka zana hoton gadar Brooklyn a marfin bayansa. Marfin na ƙarfe ne, ba gilashi ba, don haka ba a ganin ciki. Mutane suka yi rububi suka saye. Sai a wajajen 2011 wani mai ƙarambani ya sa aka buɗe masa bayan nasa, sai ga injin kamfanin ETA samfurin 6497, tsirara, kusan yadda ya fito daga masana'anta, ba gogewa ba ado, an dai raɗa masa sabon suna kawai. Shi wannan inji ba lalatacce ba ne, jarumi ne ma wajen aiki, asalinsa na agogon aljihu ne tun shekarun 1950. Sai dai ana samun sa a agogunan da ba su kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin Panerai ba. Abin da mai saye yake biya a agogo mai tsada shi ne aikin hannun da ake yi wa injin: a goge gefen kowane ƙarfe, a zana masa layuka, a daidaita shi a gwada. Wannan aikin ne aka tsallake, bisa zaton ba wanda zai leƙa. Da surutu ya yi yawa kamfanin ya yi tayin canza wa masu agogon inji da wanda aka ƙawata.

Kafin wannan ma, a 2009, TAG Heuer ta yi shelar cewa ta ƙera sabon inji mai suna 1887 daga farko har ƙarshe a cikin gidanta. Ba a jima ba masu idon sani suka gano cewa tsarin na Seiko ne ta Japan, an saye shi ne aka yi masa gyare-gyare. Dole shugaban kamfanin na lokacin, Jean-Christophe Babin, ya fito ya amsa. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne, balle a harkar da masu sayenta ke yawo da gilashin ƙara girma a aljihu.

To amma jama'a, kada wannan ya sa mu rungumi masu magana ta farko gaba ɗaya, domin su ma akwai inda suka yi tuya suka manta da albasa. A yanzu akwai wasu da ba sa kallon agogo sai an ce musu injinsa "ɗan gida" ne, wato kamfanin da sunansa ke fuska shi ya ƙera shi da kansa. In aka ce na aro ne sai su taɓe baki. Wannan rashin sanin tarihin sana'ar ne. Tun asali a Suwizalan raba aiki ake yi: wani gida inji yake yi, wani fuska, wani gangar jiki, wani kuma ya harhaɗa ya sa sunansa. Royal Oak na Audemars Piguet da ya fito a 1972, da Nautilus na farko na 1976, waɗanda Gerald Genta ya zana su duka biyun, tushen injinsu ɗaya ne, kuma daga Jaeger-LeCoultre ya fito. Rolex Daytona ya yi shekara goma sha biyu, daga 1988 zuwa 2000, yana aiki da injin da aka gina a kan El Primero na Zenith. Kai, Daytonan ɗan wasan fim Paul Newman da aka sayar sama da Dala miliyan 17 a 2017, injin Valjoux ne a cikinsa. Shin wa ya taɓa cewa a rage masa kuɗi saboda haka?

Kuma akwai wani abin da masu son ɗan gida ba sa faɗa. Injin da ya yaɗu a duniya, kowane ƙwararren mai gyaran agogo ya san shi, kayan gyaransa kuma suna samuwa. Ɗan gida kuwa, ranar da ya tsaya sai an mayar da shi ga masu shi, ka jira watanni, su yanka maka kuɗin da suka ga dama.

Ni a ganina aron inji ba laifi ba ne. Laifin shi ne a ɓoye, ko a canza masa suna a sayar da shi da farashin abin da ba shi ba. Mutumin da ya sayi Nautilus mai fuskar Tiffany ba a cuce shi ba, don ya san sarai injin bai canza ba. In ma akwai wauta, tasa ce, da kuɗinsa ya yi ta. Wanda ya sayi PAM 318 kuwa an cuce shi, ko da kuwa agogon bai taɓa ɓata masa minti ɗaya ba. Masu gardamar nan sukan cakuɗa waɗannan abubuwa biyu, shi ya sa ba ta ƙarewa.

Sai kuma ita kanta kalmar "ƙayyadadde" da ake ruɗar mutane da ita. A 2017 Omega ta fitar da wani Speedmaster guda 2,012, aka kama su duka ta intanet cikin 'yan sa'o'i. A 2019 ta sake fitar da wani na tunawa da cikar shekara hamsin da saukar ɗan Adam a duniyar wata, guda 6,969. Don Allah abin da aka buga kusan dubu bakwai, ina ƙarancinsa? Ƙarancin da ke cikin tsohon agogo, wanda zamani ya cinye 'yan'uwansa, daban yake da wanda aka zauna a ofis aka yanke adadinsa. Na biyun nan alƙalami ne ya haife shi, kuma mai alƙalamin yana iya sake fito da wani mai kama da shi baɗi da wani launin.

Wannan ne ma ya jawo 'yan kayi-na-yi cikin harkar. A 2021, da shugaban Patek Philippe, Thierry Stern, ya tabbatar za a daina ƙera 5711 don ba ya son samfuri ɗaya na ƙarfe ya danne sauran kayan kamfanin, sai farashinsa a hannun dillalai ya yi tashin gwauron zabi, ya haye Dala dubu ɗari da nisa. Mutanen da ba su san bambancin agogon wani da na batir ba suka shigo suna saye suna ɓoyewa a leda, ko ɗaurawa ba sa yi. Daga tsakiyar 2022, da kuɗin ruwa ya tashi a bankunan Turai da Amurka, kuɗin intanet irin su Bitcoin kuma suka faɗi, sai kasuwar ta juya, waɗanda suka saya a ƙololuwa suka tafka asara. Ban ji tausayinsu sosai ba. Wanda na tausaya wa shi ne mai sha'awar gaskiya da ya yi shekaru sunansa na cikin layi a kanti, ana ce masa babu, alhali ana miƙa wa wanda zai fita da shi ya sayar washegari.

Wani abokina da muke wannan hira ya ce da ni, duk surutun nan da nake yi, in aka ba ni mai fuskar Tiffany kyauta ai ba zan tsaya tambayar inji ba. Na ce masa gaskiya ne, karɓa zan yi, in kuma sayar kafin la'asar. Shi kuwa PAM 318, ba zan yi mamaki ba in an wayi gari wanda ya ƙi kai nasa a canza masa inji shi ya fi kowa cin riba, tunda yanzu irin nasa, mai tsiraran injin, shi ya fi ƙaranci.