Daga Kan Tabarma: Sunan jami'a ba ya biyan bashi

 

Sakamakon bak ya fito. Gidajen da aka ci muna yi musu barka, waɗanda ba su samu ba Allah ya kai mu baɗi da rai da lafiya. Sai dai guɗa ba ta daɗewa, lissafi ke biyo bayanta: ina yaron nan zai tafi, kuma da wane kuɗi? Ga rumbu ya yi ƙasa, ga aikin gona yana cin kuɗi, ga ɗa ko ɗiya sun zo da takarda mai hoton wata makaranta ta Faransa, ko ta Dakar, ko ta Kwatano, ko wata mai tsada a nan Yamai, suna cewa, "Inna, nan nake so." Shi ya sa yau muka ɗauko tambayar da ake jin nauyin yi a cikin taro: jami'a mai babban suna tana maido abin da aka kashe mata?

Mu fara da kuɗin, tunda mu masu ƙirga ne. Mu ɗauki Faransa, wadda sunanta ya fi yawo a bakin yara. A 2019 aka ɗaga kuɗin rajistar lisansi ga ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba zuwa yuro 2,770 a shekara, wato kusan sefa miliyan 1 da jika 800, ko da yake wasu jami'o'in na rage wa ɗalibai. Kafin a ba da biza kuma, an daɗe ana neman ɗalibi ya nuna yana da aƙalla yuro 615 na ci da kwana a kowane wata, wato jika 400 da ɗoriya. A haɗa duka, shekara guda ta haura miliyan 6 da rabi, ba a sa kuɗin jirgi ba. Ga shi tun farkon 2024 ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake, neman bizar ma wata tafiya ce mai cin nata kuɗin.

To, ku ɗauki ƙungiya mai mata 25, kowace na zuba dala 100, wato sefa 500, a sati. A shekara sun tara jika 650. Ke nan zubin ƙungiyar gaba ɗaya na shekara 10 shi ne karatun yaro ɗaya na shekara guda. Lisansi kuwa shekara 3 ce.

Ƙasashen maƙwabta sun fi sauƙi, gaskiya ne, amma can ma ba kuɗin makaranta ne kaɗai ba. Akwai hayar ɗaki, abinci, mota, takardu, kwamfuta, kuɗin waya, magani in ciwo ya zo. Kuɗin rajista sau ɗaya ake biyan shi a shekara, ciki kuwa kullum ne. Yawanci ba rajistar ke durƙusar da uwa ba, aiken ƙarshen wata ne.

Sai kuma lokaci. Bayan lisansi, da yawa sai sun ƙara shekara 2 ta mastar. Mai neman aikin gwamnati zai yi bautar ƙasa, sarbis sibik, shekara 2, sannan ya jira kwankur. Ku ƙirga: 3 da 2 da 2, shekara 7 ke nan kafin a fara zancen albashi, in komai ya tafi daidai. A wurin kwankur kuma takardar jarabawa ake gyarawa, ba a ƙara wa kowa maki don ya hau jirgi.

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, rancen asusu an gina shi ne don kuɗin da ke juyawa: a sari gyaɗa a yi mai da ƙuli-ƙuli, a sayi rago a turke, cikin ƴan watanni a maido uwa da riba. Karatun jami'a ba ya juyawa haka. A ƙungiyar da ke ɗora 10 bisa 100 a wata, wadda ta ranci jika 200 za ta riƙa biyan jika 20 duk wata. Shekara na zagayowa ta biya jika 240, uwar kuɗin tana nan ba a taɓa ta ba, ga rajistar shekara ta biyu ta iso. Daga nan sai a sayar da awaki, sai kayan ɗaki, sai a jinginar da gona. Ranar rabo kuma mata 24 ne za su tarar da akwati da giɓi, a fara kallon juna, zumuncin shekaru ya yi tsami. Mafi ciwo, yaron ya dawo a tsakiyar karatu saboda aike ya yanke: ba takarda, ba gona.

Kada wata ta ji kamar muna cewa a bar karatu. Allah ya kiyaye. Cewa muke a dubi abin da ke kusa kafin a hangi na nesa. Iyayenmu sun san jami'a ɗaya ce ta gwamnati, ta Abdu Mumuni a Yamai, wadda ke nan tun farkon shekarun 1970. Tun 2010 kuwa akwai ta Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, ta Andire Salifu a Damagaram, da ta Jibo Hamani a Tawa, a 2014 aka ƙara Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. A Maraɗi ana karanta noma, kimiyya da likitanci, a Tawa shari'a da tattalin arziki, a Damagaram adabi, kimiyya da lafiya. Ukun nan kowace tana da IUT, inda ake karatun sana'a na shekara 2 zuwa 3. Ga makarantar aikin gona ta Kollo, ga makarantun lafiya na gwamnati a Yamai da Damagaram, ga na horon malamai. Ba mu ce ba su da matsala ba: azuzuwa na cika, yajin aiki kan sa shekara ta shiga cikin shekara. Amma yaron da ke kwana a gida ko gidan kawunsa, yana cin tuwon gida, ko shekara ta ja, gidan bai tsiyace ba.

To yaushe babban suna ke cin kuɗinsa? In bursu ce ta kai yaro, ba gonar uwarsa ba. Hukumar ANAB ce ke kula da bursun ɗalibai, akwai kuma guraben da ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya ke bayarwa, kuma maki mai kyau ake dubawa. Haka nan in fannin da yaro ya ƙware a kai babu shi a gida, ko in ya gama lisansi a nan da sakamako mai kyau ya nemi mastar a waje: shekara 2 ce maimakon 5, kuma ya tafi da hankalinsa. Sannan a tambaya tun farko me bursun ta ɗauka, me ta bari, don sau da yawa akwai ciko daga gida.

A yi hattara kuma da suna na allo kawai. A Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da karɓar digirin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri cikin sati 6 daga wata makaranta a Kwatano. Har waɗanda suka yi karatun gaskiya abin ya shafa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Don haka kafin a fidda ko dala, mu yi tambaya huɗu. Ta farko: ma'aikatar ilimi mai zurfi ta ƙasarmu ta yarda da makarantar, kuma takardarta na cikin waɗanda CAMES, hukumar da ke tantance digiri a ƙasashenmu, ta amince da su? A nemi shaida a rubuce, ba maganar mai talla ba. Ta biyu: nawa ne duka, daga ranar shiga zuwa ranar fita, har da ci da kwana? Ta uku: waɗanda suka gama wannan fannin shekara 3 da suka wuce, me suke yi yanzu? A nemi biyu ko uku a ji daga bakinsu. Ta huɗu: in damina ta ƙi, ko mai gida ya kwanta ciwo, wa zai ci gaba da biya?

Akwai ta biyar, wadda ta fi nauyi a zuciya: wa za a cire daga lakwal don wannan ya tafi? Mun san yadda ake yi. Yaya ya tafi waje, sai a ce ƙanwarsa mai shirin breve ta haƙura, ba kuɗi. Abin da za a kashe wa ɗaya don a ce "ɗan wance yana ƙasar waje" zai iya kai uku su gama a gida. Ɗiyar da ta zama ungozoma ko malama a garinmu, kowace safiya muna cin moriyarta.

Ƙungiya kuma tana da abin yi. Ba a fafe gora ranar tafiya: wadda ɗanta ke shiga lise bana, tana da rabo uku a gabanta kafin bak. Ta ware wani abu daga kowane rabo, ko ta turke tunkiya da sunan karatu. Ƙungiyar da ta ga za ta iya, ta buɗe ƙaramin zubi dabam na makaranta, da dokarsa, kada a gauraya shi da kuɗin juyi. Shugaba da ma'ajiya kuma, in ƴar uwa ta zo neman babban rance don rajista, kada a ce mata a'a kawai, kada kuma kunya ta sa a ce to. A zauna da ita a yi lissafin shekara 3 a takarda, a kira yaron ya gani da idonsa. Yaran nan ba su da mugunta, ba su taɓa ganin jimillar ba ne.

A zaman sati mai zuwa, bayan zubi, mu ba wannan magana ɗan lokaci, musamman ƙungiyoyin da ke da masu sabon bak. Allah ya ba ƴaƴanmu ilimi mai amfani, ya rufa mana asiri, ya bar zumunci. Sai fitowa ta gaba.