Dogon labari sai mai haƙuri

Yara, akwai manya da suke cewa kallon wasan talabijin mai zuwa kashi-kashi ɓata lokaci ne. Wanda suka fi ƙi shi ne labarin ƙage na kimiyya, inda ake tafiya cikin taurari, ana gamuwa da mutanen ƙarfe. Suna cewa ƙarya ce tsagwaronta.

Suna da gaskiya ta wani fanni. Yaron da ya raba dare yana kallo a salular yayansa, da safe sai gyangyaɗi a aji. In an ba shi kiwo, awaki su faɗa gonar mutane. Wannan ba shi da kyau. Amma laifin na rashin tsara lokaci ne. Bin dogon labari shi kansa yana koya ma mutum haƙuri da riƙe abu a ka. Ga misali.

A ƙasar Ingila akwai wani wasa da ake kira Doctor Who. Gidan talabijin na BBC ya fara nuna shi ran 23 ga watan Nuwamba 1963. Jarumin wasan, Dokta, yana da wani akwati mai kama da ɗan ɗaki. Cikinsa ya fi wajensa girma. Da shi yake zuwa wasu duniyoyi, ya koma zamanin da, ko ya leƙa zamani mai zuwa. In ɗan wasan da yake fitowa a matsayin Dokta zai bari, sai a ce Dokta ya sake jiki, wani ya ɗora. An fara yin haka a 1966. An tsai da wasan a 1989, aka komo da shi a 2005.

Daɗin irin wannan labari, abin da aka shuka tun da wuri yana iya tsirowa bayan shekaru. Akwai wani abokin gaban Dokta da ya ɓace tun 1968, bai sake fitowa ba sai 2012. Baƙon kallo bai ga abin mamaki ba. Amma tsohon da ya san shi tun yana yaro, ya gane shi, ya ba jikokinsa labari. Ladan mai riƙewa ke nan.

Masu son wasan ba kallo kaɗai suka yi ba. A da, BBC ta kan goge tsoffin faifai don a ɗauki sabon shiri a kansu. Ta haka kashi masu yawa suka salwanta. To, ashe wasu masu kallo suna ɗaukar muryar wasan a gidajensu da rakoda, mako bayan mako. Albarkacinsu, hoto ya ɓace amma magana ta tsira.

Wasu kuma suka shiga duniya neman fim ɗin, domin an sayar ma ƙasashe da dama, har da Najeriya maƙwabciyarmu. A 2013 aka ba da labari cewa wani Bature mai suna Philip Morris ya gano kashi 9 da suka ɓace. Ya same su ajiye cikin wani ɗakin tashar talabijin a garin Jos. Wasu daga cikinsu na labarin abokin gaban nan ne na 1968.

Kun gani, labari yana rayuwa ne in akwai masu son shi. Mu ma nan Arewa mun san haka. A 1899 Sarauniyar Lugu ta ja daga da sojojin Faransa na kyaftin Voulet. Babu wanda ya ɗauki hoto ko murya ran nan. Tsofaffi ne suka riƙe labarin, suka ba ƴaƴansu. Daga baya Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo kuma ya yi fim a 1986.

Kar ku zaci kuma labarin taurari na Turawa ne su kaɗai. Tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya da Hausa, labarin wani yaro da aka tafi da shi sararin samaniya.

Saboda haka, ku bi dogon labari in kuna so, amma bayan an gama aikin gida da tilawa. Kar ku yi kallo baki buɗe. Ku riƙe sunayen mutanen ciki. Ku tambayi kanku abin da ya sa wane ya yi kaza. Ku yi gardama da abokanku a kan abin da zai faru gaba. Wannan basirar ita ce za ta taimake ku a darasin tarihi da na karatu.

Akwai kuma labaran da ba su cikin kowane faifai. Suna bakin kakanninku a Dogon Kiriya. In suka tafi da su, babu wani ɗakin ajiya da za a je a gano su.

Aiki

1. Ta yaya muryar kashin da suka ɓace ta tsira?
2. Me aka gano a Jos, a wace shekara?
3. Ku roƙi wani tsoho ya ba ku labarin kafuwar garinku. Ku rubuta shi kashi 3 cikin kayenku, ku karanta kashi ɗaya a aji kowane mako.