Ka Kai Iyalinka Su Ga Ruwan Timiya

Ɗan'uwa mai karatu, bari in yi maka tambaya guda. Ka taɓa zuwa Timiya? Na yi wannan tambaya a ajinmu na yaƙi da jahilci a nan Gugaram. Kaɗan ne suka ɗaga hannu, kuma dukansu maza ne. A cikin mata babu ko ɗaya. Amma kowa ya san lemun Timiya, kowa ya sha rummaninta a kasuwar Arlit.

Timiya tana cikin duwatsun Abzin, a jiharmu ta Agadas. Daga birnin Agadas ta fi kilomita 200. Kusa da garin, kamar kilomita 3, akwai wurin da ruwa yake zubowa daga saman baƙin dutse. Yana saukowa hawa-hawa, ya taru ƙasa a cikin kwarmi, ga rairayi a bakinsa. Masu jin Faransanci suna ce masa kaskad. Ruwan yana da sanyi ƙwarai, ko da rana tsaka.

Shekarun baya Turawa suna tasowa daga Faransa, da Jamus, da Italiya. Su biya kuɗin jirgi, su yi hayar mota, don kawai su tsaya gaban wannan ruwa su ɗauki hoto. A lokacin muna yi masu dariya. Muna cewa ba su da aikin yi. Tun tawayen 2007 ƙafarsu ta ɗauke, masu yi masu jagora da maƙeran azurfa suka rasa ciniki. Ruwan kuwa yana nan, bai bi su ba. Ni a ganina yanzu mu ya kamata mu je, kuma mu je da iyali.

Na san abin da za ka ce. "Malam, hatsi ya yi tsada. Tun da Kominak ta rufe a 2021 kuɗi ya ragu a Akokan da Arlit, har mu nan mun ji a jikinmu. Yanzu ne za ka ce mu tafi yawon kallon ruwa?" Gaskiyarka. Idan babu hatsi a gida, ka zauna, ba da kai nake ba. Amma ka yi lissafin abin da shayi da sukari da taba suke ci maka a wata. Ka yi shi a kan allo, tunda yanzu ka iya. In ka ajiye jika biyu kowane wata, cikin wata goma ka tara jika ashirin, wato 20.000. Uwargida ma tana da adashinta. Gida uku ko huɗu in kun haɗa kai, kuɗin mota ba zai kashe kowa ba.

Ga dalilin da ya sa na nace. Ɗan ƙanena an haife shi a Arlit, a can ya girma. Ruwan da ya sani shi ne na famfo da na bido a kan amalanke. Da muka kai shi Timiya yana da shekara tara, sai ya tsaya ya yi shiru. Can ya ja rigata ya ce, "Baba, wa ya bar famfon a buɗe?" Muka yi ta dariya, amma ni abin ya tsaya mani a rai. Yaro ɗan Abzin bai san ruwa yana fitowa daga dutsen ƙasarsu ba. A lokol an nuna masa hoton teku, ba a nuna masa Timiya ba.

Kada ka bar matarka a gida ka ce za ka ba ta labari. Ita ce take ɗaukar ruwa kullum, ita ce take auna shi da kofi. Ta fi ka cancantar ta zauna bakin ruwan da ba a saye.

To, yaushe za a tafi? Nan ne mutane suke kuskure. Ruwan ya fi ƙarfi da damina, daga Yuli zuwa Satumba, shi ya sa wasu suke so su je a lokacin. Ni ban ba ka wannan shawara ba. Kai ɗan ƙasar nan ne, ka san halin ƙorama. Sama tana iya zama garau a inda kake, alhali an yi ruwa can kan duwatsu. Kafin ka ankara ƙorama ta taso, ta ɗauki mota da abin da ke cikinta. Hanyar Timiya kuwa tana ratsa ƙoramu da yawa. Da bazara ma ba dabara ba ce: zafi ya yi yawa ga yara, ruwan kuma ya ragu ƙwarai. Ka jira damina ta wuce, wajen Oktoba ko Nuwamba. Hanya ta bushe, ruwa bai ja baya sosai ba, garake sun yi kore. In ka kai Disamba, ka riƙe barguna da yawa, don sanyin dutse da dare ba wasa ba ne.

Daga nan Gugaram ana bi ta Iferwan, sannan a yi kudu. Babu kwalta. Ƙaramar mota ba ta iyawa, sai kat-kat mai ƙarfi. Ka nemi direban da ya san hanya, wanda ya bi ta kwanan nan. Ka duba da idonka ko yana da tayar canji, da famfon iska, da man da zai kai ku ya dawo da ku. Kada ka ji kunyar tambaya. Ni na taɓa jin kunya, muka kwana a daji da jariri saboda taya guda.

Maganar tsaro kuma ba a ɓoye ta. Mu mutanen Gugaram mun ga abin da ya faru a 2007, mun san nakiya, mun san gudun hijira. An ajiye makamai a 2009, amma 'yan fashi ba su ƙare ba. Kafin ka sa rana, ka tambayi hukuma da direbobin da suka fito daga can. In sun ce a dakata, ka dakata. Ku tafi mota biyu in da hali. Kada ku yi tafiyar dare, kada direba ya bar sawun da kowa yake bi. Ka riƙe katin shaidarka da takardun haihuwar yara. Ka faɗa wa wani a gida ranar da za ku dawo, don akwai wuraren da salula ba ta kamawa.

Guzuri ba sai na koya maka ba: ruwan sha fiye da yadda kake zato, gari, dabino, cuku, kayan shayi, da maganin zazzaɓi na yara.

A kan hanya za ku wuce kusa da Asode. Ku tsaya ko na rabin sa'a. Tsohon birnin Abzin ne, yau ya zama kango, amma ana ganin ganuwar gidaje da ta babban masallaci. A Timiya kuma ka hau da yara tudun da Faransawa suka gina barikinsu. Daga can za su ga garake duka, da dabino, da garin a ƙasa. Mutanen Timiya Kel Ewe ne, masu ayarin gishiri zuwa Bilma da ƙasar Hausa, don haka za ka sami mai jin Hausa. Ku gaida manya kafin ku shiga garkar kowa. Lemu kuma a saya, kada yara su tsinka.

In kun isa bakin ruwa, idonka a kan yara. Dutsen yana da santsi, kwarmin yana da zurfi a wani gefe, kuma yaranmu ba su iya iyo ba. Kada a yi wanki da sabulu a ciki, mutane da dabbobi suna amfani da shi. Ledar da kuka zo da ita ku koma da ita.

Abu na ƙarshe, ka tafi da littafinka da biro. Ka rubuta ranar da kuka tashi, da sunan kowane wuri da kuka tsaya, da abin da kuka kashe. In kun dawo ka kawo mana aji, ka tsaya gaban allo ka karanta mana da bakinka. Akwai gida biyu a ajinmu da suka fara ajiya tun watan jiya, suna jira su ji nawa direba ya karɓa.